Motar da za ta kwashe ku da kayan harbinku: yadda ake zaɓenta a Kano

Mu biyar ne muke tafiya gasar harbi tare daga Kano, uku 'yan baka da kibiya, biyu 'yan bindigar iska. A da kowa da hanyarsa, wani ya tuƙa motarsa, wani ya bi ta haya daga Unguwa Uku ya biya kuɗin kujera biyu saboda akwatinsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan tsarin ya gagare mu, muka koma haɗa kai a mota ɗaya muna karo-karon kuɗin mai.

Tafiyarmu ta farko ita ta koya mini abin da zan faɗa a nan. Mun ari wata jif mai kujera bakwai a wurin wani ɗan'uwa, muna ganin ai mu biyar da direba, wuri har ya yi yawa. Da asuba muka tara kaya a ƙofar gida a Hotoro, aka ɗaga murfin baya, sai ga shi wurin da ya rage bayan kujerun ƙarshe bai wuce na jaka biyu ba. Dole aka ɗaure jakar bakan ɗayanmu a saman mota. Rana ta dake ta tun daga Kura har Kaduna, ga igiya ta matse ta, da aka buɗe sai muka tarar hannun bakan guda ya murɗe. Bawan Allah ya yi wata uku yana atisaye, ya ƙare a zaune yana kallon wasu suna harbi. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na ce a ɗauki motar.

Tun daga ranar na daina tambayar mota kujera nawa gare ta. Abin da nake tambaya shi ne: bayan kowa ya zauna ya miƙe ƙafa, me ya rage wa kaya?

Fara da tef, kada ka fara da dillali

Kafin ka taka wurin masu sayar da mota, ku tara kayanku gaba ɗaya a tsakar gida guda, kamar gobe ne tafiyar. Kada kowa ya faɗi nasa da baki, domin mutum yakan manta da rabin abin da yake ɗauka. A fito da akwatunan bindiga, jakunkunan baka, kwari da kibau, madubin hangen bara (wato allon da ake saitawa a harba) da ƙafafunsa, rigar harbi da wandonta da takalminta masu tauri, famfon cika iska ko tukunyar iska, akwatin kayan gyara, kujerun naɗewa, kular ruwan sanyi, darduma, buta, da jakar kayan sawa ta kowa.

Sai ka ɗauko tef ɗin tela ko na kafinta ka auna abu uku: abin da ya fi kowanne tsawo, abin da ya fi kowanne faɗi, da tudun kayan in an jera su. Akwatin bindigar iska ta gasar mita 10 yakan kai santimita 120 zuwa 130. Bindigar kanta dokar wasan ba ta yarda ta wuce kilo 5.5 ba, amma in an haɗa da akwati mai tauri nauyin yakan ninka. Bakan gasa irin wanda ake kwancewa gida uku yana shiga jakar da ba ta kai mita ɗaya ba, shi ba ya ba da wahala. Wanda yake ba da wahala shi ne bakan da ba a kwance shi, irin namu na gargajiya, da kuma katifar bara in za ku tafi da taku don atisaye. Takardar barar da ake harbi daga mita 70 faɗinta santimita 122 ne, katifar da ake manna ta kuwa ta fi haka. Motoci ƙalilan ne za su ɗauke ta a kwance, saboda haka ku yanke shawara tun yanzu ko da ita za a riƙa tafiya.

Rubuta waɗannan awo a takarda ka sa a aljihu.

Bayan tsawo sai nauyi, kuma nan ne kusan kowa yake yin sakaci. A ce ku biyar ne, kowanne kilo 75, kun tashi 375. Kayan kowa a ce kilo 25, an ƙara 125. Ruwa, kula, kayan gyaran mota, wani 40. Kun haura kilo 500 ke nan. Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da 'yar takarda manne a jikin ƙarfen ƙofar direba wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe, da kuma iskar da taya take buƙata. Ka karanta ta. Za ka yi mamakin yadda mota mai kujera bakwai take cika da mutum biyar da kayansu.

Daga nan na samo ƙa'idar da muke bi: a cire biyu daga yawan kujeru. Mai bakwai ta mutum biyar ce, mai biyar ta mutum uku ce. In akwai 'yan bindiga fiye da biyu, a cire uku.

Motocin da za ka tarar a kasuwa

Toyota Sienna ita ce ta farko da zan ambata, kuma ita muke hawa yanzu. Ƙirar 2004 zuwa 2010 ta cika gari, duk bakaniken kirki ya san ta, kayan gyaranta kuma in ka shiga Ƙofar Ruwa ba za ka fito hannu rabbana ba. Abin da ya sa ta dace da mu shi ne kujerunta na ƙarshe. A rabe suke gida biyu, babba da ƙarami, kuma kowanne yana naɗewa ya shige cikin rami ya zama daɓe. Mu mukan naɗe babban ɓangaren, mu shimfiɗa akwatunan bindiga a tsaye daga baya zuwa tsakanin kujerun tsakiya, mutum ɗaya ya zauna a ƙaramin ɓangaren. Ramin da ke bayansa kuma ya haɗiye jakunkunan baka. Faɗin daɓen tsakanin kumburin tayoyin baya kusan ƙafa huɗu ne, wato wajen santimita 122, shi ya sa akwati mai 130 ba zai kwanta a gicciye ba. Wannan ɗan bambancin na santimita takwas shi ne dalilin tafiya da tef.

Akwai abin lura game da injinta. Ta 2004 zuwa 2006 tana da inji mai lita 3.3 wanda yake aiki da bel ɗin tayimin, kuma bel yana da wa'adi, sai ka tambaya yaushe aka canza shi. Daga 2007 aka koma mai lita 3.5 da yake aiki da sarƙa, ya fi ƙarfi kuma ya rage maka wannan damuwa. Dukkansu masu silinda shida ne, suna shan mai, kada wani ya ruɗe ka. Sai dai in an raba kuɗin gida biyar, ya fi kowa ya tashi tasa. Ka guji wadda take ja da ƙafa huɗu, domin ita ba a yi mata wurin safaya ba, kuma ba na ba kowa shawarar shiga dajin Falgore a hanyar Jos babu safaya. Mai ja da gaba safayarta a ƙarƙashin mota take rataye da wayar ƙarfe, wayar kuma tana tsatsa a motocin da suka yi zama a inda ake watsa gishiri kan titi lokacin ƙanƙara. Ka sa a sauke ta a gabanka. Ƙofofin gefe masu buɗe kansu su ma wayarsu takan tsinke, ka buɗe ka rufe sau biyar kowacce.

Ta biyu ita ce Volkswagen Sharan, wadda muke ce wa Sharon, da 'yan'uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, waɗanda a masana'anta ɗaya aka ƙera su a Fotugal tun tsakiyar shekarun 1990. Kyanta shi ne kujerunta biyar na baya kowacce zaman kanta take, kana iya cire ɗaya ko biyu ka ajiye a gida, ka samu doguwar hanya ta kaya a gefe guda. Ta fi Sienna sauƙin kuɗi da sauƙin mai. Matsalarta guda: yawancin waɗanda ake sayarwa a gari sun gama cin duniyarsu a haya tsakanin Kano da Kaduna da Katsina da Jos, an yi musu fenti an fito da su. In ba ka tabbatar da tarihinta ba, araha ba ta ado. Ka kuma leƙa ƙarƙashin dashbod ka ga ko an taɓa juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, domin akwai waɗanda aka kwaso daga Ingila. Wadda aka juya, komin kyanta, wuce ta.

Jif irin su Highlander ƙirar farko suna da tsayi daga ƙasa, abin da zai yi maka amfani da damina a lungunan da ruwa yake kwanciya. Amma a lissafa ta a matsayin mai kujera biyar, a naɗe na ƙarshen a manta da su. Mutum uku zuwa huɗu, shi ke nan. Hilux kuwa mutane suna sha'awarta, ni ban ga dacewarta ba: bayanta a buɗe yake, ƙurar hunturu da rana da ruwa da idon jama'a duk suna kan kayanka, sai in an yi mata murfi mai makulli. Golf 3 wagon ko Fijo 406 wagon sun ishi mutum uku 'yan baka. In kun kai takwas ko goma, to ku tafi Hiace, wato Homa bas, a cire layin ƙarshe. Sai dai ita gara a riƙa ɗaukar shatarta ranar da ake buƙata da a saya a ajiye tana cin kuɗi.

Ranar zuwa ganin mota

Ka tafi da mutum uku: bakanikenka, ba na dillali ba, da wanda ya fi kowa tsawo a cikinku, da wanda ya fi kowa ƙiba. Ka kuma ɗauki akwatin da ya fi tsawo, babu komai a ciki. Kada ka kuskura ka je filin mota da bindiga.

Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan ai ko kayan amarya za ta kwashe." Ka ce masa, "Na yarda, Malam, amma bari mu gwada, gani ya kori ji." Mai tsawon ya zauna a gaba ya gyara kujera yadda zai iya awa uku a kai, mai ƙiba ya shiga baya, sannan a zura akwati a rufe but. In murfin ya taɓa akwatin ko sai an danna, motar ba taku ba ce. Ka duba ko akwai ƙugiyoyin ɗaure kaya a daɓe. Ka kuma tabbatar kowace kujerar da mutum zai zauna tana da bel mai aiki, domin da yawa an cusa su ƙarƙashin kujera ko an yanke.

Sai ku shiga gaba ɗaya a tuƙa ta da nauyinku. Mota babu kaya ba ta faɗin gaskiya. Ku hau Titin Zariya ku wuce Na'ibawa inda za a iya sake ta, ka saurari giya ko tana shiga lafiya ko tana fizga, ka taka birki da ƙarfi ka ji ko sitiyari yana rawa. Ku dawo ta hanya mai gargada da tudun rage gudu ka ji ko gindinta yana bugun ƙasa. In ta durƙusa da mutum biyar tun ba a sa kaya ba, sifirin da shokoban baya sun gaji, ka sa kuɗin canza su cikin ciniki.

Na'urar sanyaya mota a wurinmu ba kwalliya ba ce. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa hannun baka, yana ɗaga gashin kibiya, masu ƙera silindar bindigar iska kuma suna gargaɗin kada a bar ta a zafin da ya wuce digiri 50, domin iskar da ke cikinta a matse take ƙwarai. Saboda haka ka kunna sanyin da tsakar rana, motar tana tsaye, ka bar shi minti ashirin. Ka sa hannu a kafofin baya ka ji ko yana isa can, idonka kuma yana kan allurar zafin inji. In ta fara hawa, lagireto ko fanka na da magana.

Taya kuma ka durƙusa ka karanta. A gefenta akwai lamba huɗu a jere: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane, ga lodi, ga kwalta mai zafi, ita ce take fashewa a kan gudu. Ni dai duk motar hannu da muka saya, sababbin tayoyi huɗu suna cikin kuɗinta tun daga farko.

Takardu, na mota da na kaya

Ka gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke takardun kwastan da na rajista, harafi bayan harafi. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano sai an yi mata binciken ƙwaƙwaf kafin a biya. A sabunta lasin mota, takardar lafiyarta, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023. In gilashinta baƙi ne, ko dai a nemi izinin 'yan sanda ko a ɓare ledar. Mu ɓarewa muka yi, muka sayi bargo mai duhu muna rufe kaya. Motar da take ɗauke da abin harbi ba ta buƙatar ƙarin dalilin da za a tsayar da ita.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi komai nauyi. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin bindigogin da sai da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙe su. Wanda ba shi da lasi mai rai, ba ya shiga motarmu da bindiga, ko da ɗan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Laifinsa zai shafi direba da mai mota da kowa. Kowa ya riƙe asalin lasinsa, da takardar gayyatar gasar, da takardar ƙungiya ko ta hukumar wasanni mai ɗauke da sunayen 'yan tawaga. A haɗa kwafinsu a fayil guda a ajiye gaban mota. Su ma 'yan baka su riƙe takardar gayyata, domin kwari cike da kibau yana jawo tambaya.

A shingen bincike mutum ɗaya ne yake magana, kuma shi yake fara faɗa tun ba a tambaya ba: "Yallaɓai, barka da aiki. 'Yan wasa ne, za mu gasar harbi, akwai bindigogin iska biyu a baya cikin akwati a kulle, ga takardunsu." Ba wanda zai miƙa hannu baya, ba wanda zai buɗe akwati sai an ce a buɗe. A nan ma zaɓen mota yana da tasiri. In akwatunan suna inda za a zaro su cikin minti ɗaya, bincike ya ƙare da wuri. In sai an sauke kaya duka a bakin titi jama'a suna taruwa, kun ɓata awa guda kuma kun tallata abin da kuke ɗauke da shi.

Lodi da kuɗi

Bindiga babu harsashi a ciki, an cire silinda ko an kwance ta, akwati a kulle, gwangwanin harsashi a wata jaka dabam. Masu nauyi a ƙasa, a matsa su gaba su jingina da bayan kujera. Tukunyar iska a kwantar da ita a ɗaure da bel mai ƙugiya ta yadda ba za ta gangara ba, a kare bakinta. Baka da madubin hange su ne a sama, ba a ɗora musu komai. Kada kaya su wuce tsayin bayan kujera, domin in aka taka birki bagatatan, akwati mai kilo goma kan mutum zai nufa. Kular ruwa a nesa da akwatuna. A saman mota kuwa, in dole ne, jakar tufafi da kujerun naɗewa kaɗai suke hawa.

Maganar kuɗi ku gama ta kafin a tayar da inji, domin ita take raba abokai. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari a ce 500. In motar tana shan lita 12 a kilomita 100, kun ƙona lita 60. Mu mukan cika tanki a Kano, mu sake cikawa da mun dawo, abin da ya ci a raba. Amma mai ba shi kaɗai ne kuɗin tafiya ba. Taya tana cinyewa, baƙin mai yana tsufa, birki yana ƙarewa. Shi ya sa muke cire mai motar daga rabon kuɗin mai, kowa kuma ya ƙara wani abu a asusun gyara. In kuwa haɗa kuɗi za ku yi ku saya tare, a rubuta: sunan wa ke takarda, wa zai ajiye ta, wa zai hau ta ranar da babu gasa, yadda za a sallami wanda ya ce ya fita. A sa shaidu biyu su sa hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne, addini ma ya hore mu da rubuta abin da ya shafi bashi.

In akwai mata a tawagar, a bar musu kujerun tsakiya, su ne masu ƙofa a kusa, kuma a tsara zaman tun daren tafiya don kada a tsaya ana kunyar juna da asuba.

Wanda zai fara harbi da safe kada ya yi tuƙi, domin hannun da ya riƙe sitiyari awa uku ba ya tsayawa cak a kan saiti. A samu direba biyu masu lasi. Mu da an idar da sallar Asuba muke ɗagawa, kuma ba ma yarda dare ya yi mana a hanya. In gasa ta kai la'asar sakaliya, kwana muke yi, akwatunan su kwana a ɗaki tare da masu su, ba a mota ba. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, a nemi inuwa, mutum ɗaya ya zauna a mota har sauran su dawo. Lodin dawowa kuma a yi shi da tsarin sauka: na Na'ibawa kayansa a baki, na Hotoro a tsakiya, na Rijiyar Lemo da za a kai ƙarshe nasa a can ciki.